Daga Yawuri Zuwa Tabkin Sawbill: Littafin Shirin Tafiyata ta Farko a Kwale-kwale

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na yanke shawara. Bana, in Allah ya yarda, zan shiga Boundary Waters da kwale-kwale in kwana uku a daji. Na buɗe wannan littafi ne domin in riƙa ajiye abin da na yi, da abin da na kashe, da abin da ya ɓaci a hanya.

Shekarata shida a Minneapolis, kuma tun zuwana nake jin sunan wurin a bakin mutanen jihar nan. Yana can arewa maso gabashin Minnesota, kan iyaka da Kanada, cikin gandun dajin Superior. Faɗinsa ya haura eka miliyan ɗaya, tabkunan ciki sun fi 1,000, ga wuraren yada zango kusan 2,000 da hukuma ta ware. Babu titi, babu lantarki, sabis ɗin waya ma sai an dace, kuma tun dokar 1978 jirgi mai inji ba ya shiga yawancin tabkunan. Ƙasar ƙabilar Ojibwe ce, kuma da yawa daga cikin hanyoyin da ake bi tsakanin tabki da tabki tun zamanin kakanninsu ake taka su.

Wanda ya sa min abin a rai wani Bature ne da muke aiki tare, ya girme ni sosai har Dattijo nake kiransa. Tun yana saurayi yake zuwa can kowace shekara. Ya nuna min hoton wata safiya, hazo kwance a kan ruwa, jirginsu kife a bakin dutse, ya ce a wurin ba ka jin komai sai kukan tsuntsun lun.

Ni kuwa a Yawuri aka haife ni, gidanmu ba shi da nisa da kogin Kwara. Na tashi ina ganin 'ya'yan Sarkawa, yara ƙanana, suna tsallaka ruwa da jirgi kamar mai tafiya a tsakar gida. Amma Hajiya ta hana mu ko sa ƙafa. Na kai shekara talatin da bakwai ban iya iyo ba, ban taɓa riƙe filafili ba. Wannan abu ya daɗe yana damuna.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mun yini a gidan Dattijo da taswira shimfiɗe a kan tebur. Mu huɗu ne za mu tafi: ni, da ƙanena da ke karatu a nan, da abokina ɗan Maraɗi direban babbar mota, da shi Dattijo. Jirgi biyu, mutum biyu-biyu. Doka ba ta yarda ayari ya wuce mutum 9 da jirgi 4 ba, don haka muna da sarari.

Abin da ban sani ba sai yau shi ne rabin wahalar tafiyar ba a kan ruwa take ba. Idan tabki ya ƙare, sai ka sauke kaya, ka kifa jirgin a kafaɗa, ka bi 'yar siririyar hanya cikin daji har tabki na gaba. Fotej suke kiran wannan hanya. Akwai wani katako a gicciye a tsakiyar jirgin, kamar karkiyar shanun noma, da 'yan matasai biyu da ke zama a kan kafaɗu. Ba a auna fotej da mita ko mil, da rod ake aunawa. Rod ɗaya ƙafa 16 da rabi ne, wajen mita 5, kusan tsawon kwale-kwale ɗaya. Rod 320 ne mil guda. Dattijo ya ce kada lamba ta ruɗe ni, akwai rod 40 mai hawa da laka da ya fi rod 150 na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa cin rai. Ya ƙara da cewa in kaya sun yi yawa har sai an koma ɗauko saura, to hanyar ta zama uku ke nan: zuwa, komawa, da sake zuwa.

Mun tsayar da hanya. Za mu shiga ta tabkin Sawbill, mu yi arewa ta Ada da Skoop mu faɗa Cherokee, tabki mai tsibirai da yawa. Fotej huɗu ne, na ƙarshen rod 180. Ƙanena ya ce, "Yaya, ai wannan wasa ne." Dattijo bai ce masa komai ba, ya dai rubuta jimillar a gefen taswira.

Lokaci: ƙarshen Agusta. Ƙudan cizo na farkon bazara sun wuce, sauro ya ragu, ruwa kuma ya ɗan yi ɗumi.

Laraba, 29 ga Janairu

An samu izini, alhamdulillahi. Daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba ba a kwana a ciki sai da takardar izini, kuma kowace mashiga tana da adadin ayarin da ake bari a rana. Yau aka buɗe rajistar shekarar, ƙarfe 9 na safe, a shafin recreation.gov. Na nemi hutun awa ɗaya a wurin aiki na zauna gaban kwamfuta tun 8:40. Ranar Juma'ar da muka so ta ƙare kafin in gama cike sunaye, sai na koma Alhamis, 21 ga Agusta, mashiga ta 38, wato Sawbill.

Kuɗi: dala 16 kowane babba, mu huɗu 64, da dala 6 na rajista. Jimla 70.

Dattijo ya dage a sa sunana a matsayin shugaban ayari, shi da ƙanena mataimaka. Ya ce takardar ba a sayar da ita, ba a ba wani, kuma sunayen shugabanni ba sa canzuwa bayan an biya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Darasin iyo na farko, ajin manya, a wani wurin wanka na unguwa. Dala 120 darasi takwas. Mu bakwai ne a ajin, kusan dukanmu baƙi ne a ƙasar. Yau ba a koya mana komai ba sai sa fuska cikin ruwa da fitar da numfashi ta hanci. Ruwan iyakarsa ƙirjina, ƙafata a ƙasa, amma da kunnuwana suka nutse sai gabana ya faɗi na miƙe da sauri ina tari. Sau biyar ina haka. A na shida na ƙirga har goma.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Darasi na uku. Na kwanta rigingine a kan ruwa na daƙiƙa 20 ba wanda ya riƙe ni.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi ya kama, na dakatar da iyo sai bayan Salla.

Yau na gaya wa Hajiya. Na daɗe ina jan ƙafa domin na san abin da zai zo mata a rai. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife da mutane a Warra, ƙaramar hukumar Ngaski, ba nisa da mu, aka yi asarar rayuka masu yawa, kuma a cikinsu akwai waɗanda ta sani. Da na gama bayani ta yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana. Sai ta ce, "Kai, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Me ka rasa a gida da za ka nemo a daji?"

Ban yi gardama ba. Na ce mata ina koyon iyo, kowa zai sa rigar ruwa, kuma akwai dattijon da ya san hanya. Ta ce ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, in bari bayan Salla. Na gaya wa ƙanena in Hajiya ta hana, tafiya ta fasu, dala 70 ba za ta sa mu saɓa mata ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Hajiya ta yarda bisa sharaɗi uku: in iya iyo kafin tafiya, kada rigar ruwa ta bar jikinmu muddin muna kan jirgi, kuma kullum ta ji labarinmu. Na ukun ne mai wuya tunda babu sabis. Zan yi hayar 'yar na'urar nan mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, dala 60 na kwanakin.

Sayayyar wannan mako: rigar ruwa sabuwa 85, ita ce kaɗai na ƙi sayen ta hannu. Tanti na mutum huɗu na hannu 90. Jakar barci 70. Matatar ruwa mai rataye 95, domin ruwan tabki ko ya yi garai-garai yana iya ɗauke da ƙwayar jiyadiya mai sa gudawa. Taswira mai jure ruwa da kamfas 38. Rishon gas da tukunyarsa 52. Na biya zagaye na biyu na iyo, wata 120.

Asabar, 17 ga Mayu

Yau mun kife.

Gwajinmu na farko ne a kan ruwa, a tabkin Cedar cikin gari, da tsohon jirgin alminiyom na Dattijo. Ni a baya ina sarrafa jirgi, ƙanena a gaba. Dattijo da ɗan Maraɗi suna wani jirgin kusa da mu. Minti arba'in na farko muna ta zagaye a wuri ɗaya, domin duk bugun da na yi a dama sai hancin jirgi ya karkata hagu. Dattijo ya nuna min yadda ake karkatar da filafili waje a ƙarshen bugu, kamar ƙugiya, ya gyara hanya. Na fara kamawa, har muka yi nisa da gaɓa kamar mita 60.

Sai iska ta ɗauke hular ƙanena ta jefa ruwa a gefen hagu. Ya miƙa hannu da dukan jikinsa. Ni ma, ba tare da tunani ba, na leƙa gefen. Ban ga lokacin da jirgin ya juya ba, kawai na ji ruwa ya rufe ni.

Sanyin ne ya fara kama ni. Ƙanƙara ba ta daɗe da narkewa a tabkunan nan ba, ruwan ya daki ƙirjina numfashina ya sarƙe, ina jan iska ba ta shiga. Rigar ruwan ta ɗago ni, amma ban ɗaure igiyoyin gefe da kyau ba, sai ta haye har kunnuwana, haɓata tana nutsewa cikinta. Duk abin da na koya a wata uku ya gudu daga kaina. Abin da na ji kawai muryar Dattijo ce yana maimaita magana ɗaya: in riƙe jirgi, in yi numfashi, kada in nufi gaɓa. Na kama gefen jirgin na rungume. Ƙanena yana ɗaya gefen, idonsa a waje, yana cewa, "Yaya, kana lafiya? Yaya!" Bayan kamar minti ɗaya numfashina ya dawo. Suka ja mu a hankali har inda ƙafa ke taɓa ƙasa.

A mota, da hita a kunne, jikina bai daina rawa ba sai bayan rabin awa. Wandon jins da rigar auduga na sa, suka sha ruwa suka manne min kamar ƙanƙara. Wayata tana aljihu, ta mutu, sabuwa dala 280.

Abin da na ɗauka daga yau: kai ba ya wuce gefen jirgi, ko me ya faɗa ruwa. In igiyar ruwa ta tashi a durƙusa a gwiwa, nauyi ya koma ƙasa. Rigar ruwa a ɗaure ta har in an ja kafaɗunta sama ba ta motsi. Auduga ba ta shiga jaka, sai ulu da yadin roba mai saurin bushewa. Da a Cherokee wannan ya faru, babu mota, babu hita, kuma jakar barcinmu tana cikin ruwan.

Da daddare na kira Hajiya na gaya mata duka, ban rage komai ba. Ta tambaya ko rigar ce ta ɗago ni. Na ce ita ce. Ta ce, "To ka gani."

Asabar, 24 ga Mayu

Mun koma tabkin. Awa biyu, ba kifewa, jirgi ya fara tafiya miƙe.

Talata, 3 ga Yuni

Hayaƙin gobarar dajin Kanada ya rufe gari, an yi gargaɗin a rage fita, gwajin yamma ya fasu. Wannan ya tuna min dalilin sayen risho: in fari ya yi tsanani hukuma kan hana hura wuta a dajin gaba ɗaya. A 2011 tsawa ta tayar da gobarar Pagami Creek a cikin Boundary Waters, ta cinye sama da eka 90,000.

Asabar, 14 ga Yuni

Labari mara daɗi. Za a yi wa Dattijo aikin gwiwa a ƙarshen Yuli, likita ya ce babu ɗaukar kaya har kaka. Ya zo gida da kansa ya gaya min, da taswirarsa a hannu, kuma na ga abin ya fi damunsa fiye da ni.

Mun zauna mu uku bayan la'asar. Ɗan Maraɗi ya ce, "Mutumina, mu faɗa wa juna gaskiya. Wanda ya san hanya ya fita. Saura direba, da ɗalibi, da kai da ka kife wata ɗaya da ya wuce." Ƙanena yana son a tafi Cherokee yadda aka tsara. Ni kuwa na kwana biyu ina tunanin fasawa.

Ga inda muka tsaya. Takarda da sunana take, don haka tana nan daram, sai dai a rage mutum ɗaya. Cherokee ta fita daga lissafi. Daga Sawbill za mu yi gabas: fotej mai rod 100 zuwa tabkin Smoke, wani mai rod 90 zuwa Burnt. Nan za mu kafa tanti wuri ɗaya mu yi kwana ukun, da rana mu riƙa fita da jirgi ba kaya muna zagayawa. In wani abu ya faru, cikin awa uku mun dawo wurin mota. Tabkunan ƙanana ne, iska ba ta samun filin tara igiyar ruwa kamar a Alton da ke yamma da Sawbill.

Raina ya so Cherokee, na riga na haddace tsibiranta a taswira. Amma lokacin da muka tsara waccan hanyar a Janairu ban taɓa jin ruwan sanyi ya sarƙe min numfashi ba. Dattijo ya ce shi ma abin da zai ba mu shawara ke nan, yana jira ne mu faɗa da bakinmu.

Jirgi ɗaya za mu yi haya, mai kujera uku, na kebla, wani irin yadi mai ƙarfi mara nauyi, wajen kilo 25. Dala 60 a rana, kwana huɗu 240, na biya kafin alƙalami. Na sake kiran Hajiya na gaya mata dattijon ba ya zuwa, domin da shi aka yi sharaɗi. Ta tambayi nisan sabon wurin da mota, na gaya mata. Ta ce za ta yi istihara.

Asabar, 28 ga Yuni

Abinci. Doka ta hana shiga da gwangwani da kwalba, sai na magani da man risho da irinsu. Wato babu sadin, babu tumatirin gwangwani, babu madarar ruwa. Turawa suna sayen busasshen abinci na leda mai tsada, wanda yawancinsa sai ka yi ta karanta bayansa kana neman naman alade. Da na zauna na yi tunani sai na ga ai mu ne masu guzurin tafiya tun zamanin fatake: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino, garin kunu, yaji. Duk ba mai son firji, duk ba nauyi.

Ba a shigo da nama Amurka daga gida, don haka kilishin sai na yi da kaina. Na sayi naman sa kilo biyu da rabi a shagon halal na Somaliyawa, dala 48. Na yanka, na shanya a oben da ƙaramar wuta, na dama labu da tunkuza da citta da kanumfari da barkono, na tsoma, na mayar. Ƙamshi ya cika gida. Na zuba a leda na ɗaure na ajiye a kabad domin in ga kwana nawa zai yi. Yau kwana tara, na buɗe na tarar da farin fumfuna a gefen yawancinsa, ga wani ɗan wari. Duka na zubar.

Maiɗakina ta duba ta ce laifi biyu ne. Yankan ya yi kauri, tsakiya bai bushe ba, kuma na bar kitse a jiki. Ta ƙara da cewa na ɗaure shi da sauran ɗumi, gumi ya taru a ledar. Mahautan gida suna feɗe nama har kana hango rana ta cikinsa, ga zafin rana da iskar da ba mu da su a nan. Shawararta: a sa naman a firiza ya ɗan daskare kafin a yanka, wuƙa za ta ci shi siriri. Dambun naman kuma ta ce in bar mata.

Lahadi, 13 ga Yuli

Mun yi kwanan gwaji a gandun William O'Brien, bakin kogin St. Croix, ƙasa da awa ɗaya daga gari. Komai yadda za mu yi a daji, sai dai mota tana kusa.

Kafa tanti ya ci minti 35. Risho lafiya, taliya da yaji da dambu ta yi daɗi. Wajen ƙarfe biyu na dare aka sako ruwa, kafin uku ɗigo ya fara sauka a goshin ɗan Maraɗi. Na haska tocila na ga duk layin ɗinkin rufin yana tsattsafo, ledar da aka manna a kan ɗinkin ta tsufa tana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Wanda ya sayar min ya ce sau biyu kawai aka kwana a ciki. Wataƙila gaskiya ne, ajiya ce ta cinye shi. Laifina ne da ban kafa shi na watsa masa ruwa tun Afrilu ba. Muka kwana a zaune da tukunya a tsakiya. Gam ɗin toshe ɗinki dala 14, tamfal na shimfiɗawa a sama 45.

Da safe muka gwada rataye abinci. Akwai baƙaƙen beyar a dajin, kuma tun 2024 hukuma ta wajabta ko dai a sa abinci a mazubin da aka tabbatar beyar ba ta iya buɗewa, ko a rataye shi ƙafa 12 daga ƙasa, ƙafa 6 daga jikin bishiya. Shuɗiyar gangar roba da mutane suka saba ɗauka ba ta cikin waɗanda aka amince da su. Har man goge baki da sabulu sai sun shiga jakar, duk abin da ke da ƙamshi. Na ɗaura dutse a bakin igiya na jefa, sau takwas ban samu reshe ba, a na tara igiyar ta naɗe ta ƙi saukowa sai da muka yanke. Da muka samu ta haye, jakar kilo 12 ta ƙi tashi, igiya tana cin ɓawon reshe. Wani maƙwabcin zango ya nuna mana dabarar igiya biyu da ɗan ƙarfen nan mai taya, jaka ta tashi da hannu ɗaya. Igiya da ƙarfen dala 31. Ya ce a can arewa bishiyoyin dogaye ne masu gajerun rassa, mu nemi bishiyar rataya tun da rana, kada mu bari sai duhu.

Da muka dawo na cire kaska ɗaya a bayan gwiwata, ba ta riga ta kama sosai ba. Duba jiki kowace yamma ya shiga tsari, saboda cutar Laim.

Asabar, 26 ga Yuli

Bayan azahar na tsaya wurin Malam a masallaci. Ya ce nisan ya wuce na kasaru nesa ba kusa ba, kuma tunda ba mu yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba, mu yi kasaru. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, wajen digiri 45 a kamfas. Na rubuta lokutan salla na kwanakin a bayan taswira tunda waya ba za ta yi amfani ba.

Kowane zango yana da murhun ƙarfe da masai a can cikin daji, don haka buta ta roba ta shiga jaka. Wanka da wanke-wanke sai an ɗebi ruwa an yi nisan ƙafa 200 daga tabki, ko da sabulun da aka ce ba ya cutarwa ne. Wannan doka ta kwanta min. Na san yadda bakin kogi yake komawa inda kowa ke wanki a ciki.

Kilishi na biyu ya kwana 14 lafiya ƙalau. Tanti ya sha ruwan tiyo minti 20 bai ɗiga ba.

Asabar, 9 ga Agusta

Na yi iyo tsawon wurin wanka sau huɗu ba tsayawa, mita 100, sannan na tsaya a wuri mai zurfi minti biyu. Ƙanena ya ɗauki bidiyo ya tura wa Hajiya. Da yamma muka kifar da jirgi da gangan a ruwa mai ɗumi kusa da gaɓa, sau uku, muka koyi juyo shi da kwarfe ruwa. Na ɗauki jirgin alminiyom a kafaɗa na yi taku 600, kusan tsawon fotej ɗin Smoke. Wuyana yana ciwo, amma na kebla bai kai shi nauyi ba.

Mun duba Dattijo a gida, yana takawa da sanda. Ya ba ni kamfas ɗinsa ya ce in bar nawa a matsayin na ko-ta-kwana.

Talata, 19 ga Agusta

Kaya sun ɗauru. Manyan jakunkuna biyu na haya, dala 56, kowace da leda mai kauri a ciki: ta tanti da kayan barci kilo 19, ta tukwane da tufafi kilo 17. Jakar abinci kilo 11. Ni zan ɗauki jirgi, su biyun su ɗauki jakunkuna da filafilai, muna fatan tsallake kowane fotej a tafiya ɗaya. Na cire gatari da kujerar naɗewa da tukunya ta biyu. Na kalli bidiyon ƙa'idojin daji da ake buƙata kafin karɓar takarda.

Lissafi: kayan haɗaka dala 940, ciki har da abinci 165 da izini da ya koma 54, kowa zai ba da 313 da 'yan kai. Nawa na kaina 420, wato iyo, rigar ruwa, jakar barci da lasisin kamun kifi na dala 25. Waya da naman da ya lalace 328, ban sa su a na kowa ba. Man mota sai mun dawo.

Gobe bayan asuba za mu kama hanyar Duluth, daga nan mu bi titi na 61 gefen tabkin Superior zuwa Tofte, mu karɓi takarda a ofishin gandun daji, domin ba a bayar da ita sai ranar shiga ko ana gobe. Daga Tofte mil 24 ne zuwa Sawbill, a nan za mu kwana. Alhamis muna son jirgi ya taɓa ruwa kafin ƙarfe 7, tun iska ba ta tashi ba, mu isa Burnt kafin azahar, domin zango na wanda ya riga isa ne. In mun tarar duk an kama, mu dawo Smoke. In an yi tsawa, gaɓa mafi kusa. Na bar wa maiɗakina da Dattijo kwafin hanya da lambar mota, da cewa in ba su ji mu ba zuwa ƙarfe 6 na yammacin Lahadi su kira hukuma.

Na gwada na'urar saƙo daga bayan gida, ta isa wayar ƙanwata a Yawuri cikin minti huɗu. Tsakaninmu awa shida ne, saƙon da zan tura bayan magariba zai same su cikin dare, ita za ta karanta wa Hajiya bayan sallar asuba.

Na kira Hajiya ƙarfe biyu na rana. Ta ce ta ga bidiyon iyon, sau uku aka kunna mata. Ta yi mana addu'a mai tsawo, sannan ta ce, "Ka riƙe ƙanenka. Kuma in kun ga ruwa ya ɓaci, ku zauna a tudu, ba wanda ya aike ku." Na ce to, Hajiya.

Saura in saka gwangwanin gas na biyu a jaka, in sa agogo ƙarfe 4:30.